Muciyar Madam Solkem da Sanyin Motar da Ya Gagari Usta Jimet

Akwai wani bakanike a unguwar Dembe, nan Njamena, ana ce masa Usta Jimet, Usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne a garin. Aikinsa gyaran na'urar sanyin mota, kuma tsakani da Allah ya iya. Aibinsa ɗaya ne: ba ya barin mai mota ya kai ƙarshen magana. Kana cewa "Usta, sanyin motata..." zai ɗaga maka hannu.

"Na gane. Buɗe bonet."

A watan Afrilu, lokacin da ko kujerar ƙarfe ba ta zaunuwa don zafi, wata mata mai kiwon kaji a Mandeliya, Madam Solkem, ta kawo masa a-kori-kurarta mai ƙofa huɗu. A kujerar baya take ɗauko 'yan tsaki daga gari zuwa gonarta, shi ya sa sanyin motar nan ba na jin daɗi ba ne a wurinta.

Zuwan farko da sassafe ta zo. Ya ƙara mata gas, sanyi ya busa, ta tafi. Zuwa na biyu ma da safe ne. Ya wanke gaban motar, ya canza fanka, ya sa hannu a bakin iska ya ce, "Madam, wannan sanyin ko gawa ya isa ya ajiye."

Ta ce, "Usta, ai da safe dama tana yi. Abin da nake so in gaya maka shi ne idan na..."

"Madam, ke da kaji, ni da mota."

A makon nan 'yan tsaki ɗari da tara suka mutu mata a hanya.

Zuwa na uku ba da safe ta zo ba. Ƙarfe sha ɗaya da rabi ta tsaya a bakin gareji, ba ta ko kashe inji ba. Kwalaye huɗu ne a kujerar baya, kukan 'yan tsaki na fitowa kamar ana kaɗa ƙananan ƙararrawa.

Ta sauke gilashi ta ce, "Usta, ka ce ta gyaru ko?"

"Ta gyaru."

"To shigo ka raka ni Mandeliya. In mun isa da sanyi, zan dawo da kai har nan, in ba ka haƙuri a gaban mutane."

Adum mai walda, maƙwabcinsa, ya ɗage gilashin fuskarsa yana dariya. "Shiga mana, likitan sanyi! Ko tsoron zufa kake?"

Jimet ya harare shi. Ya zura sifana biyu a aljihu don kada a ce ya fita hannu rabbana, ya buɗe ƙofa ya zauna.

Har suka haye gadar Shagwa sanyi na kaɗawa. Jimet ya miƙe ƙafa, ya ɗora gwiwar hannu a jikin ƙofa, yana satar kallonta. Ita ko idonta na kan hanya.

Suna wuce Tukra iskar ta fara sauyawa. Fanka na juyi yadda take, ƙararta ba ta ragu ba, amma abin da ke fitowa ya zama ɗumi, daga nan ya koma kamar numfashin tanda. Jimet ya gyara zama. Ya kashe maɓalli ya kunna. Ya sake. Babu.

Ya waiga baya. Ta ramukan kwali ya hango 'yan tsakin sun buɗe baki, sun saki fukafukai, kukan ma ya fara ja baya.

Abin ya ɗaure masa kai. Gas a cike yake, shi ya cika da hannunsa. Fanka sabuwa ce. In yoyon gas ne, ai sanyin ba zai dawo da safe ba. To me ke kwana lafiya ya mutu da rana?

Madam Solkem ta gangara gindin wata bishiyar maina, ta bar injin yana aiki. Ta sa hannu ƙarƙashin kujera ta zaro muciya, irin ta tuƙin tuwo, bakinta duk baƙin mai.

"Madam, me za ki yi da wannan?"

"Sauko ka gani."

Ta ɗaga bonet, zafi ya buge su a fuska. Ta tattare gyalenta ta soke a ƙugu don kada bel ya kama, ta zura muciyar can ƙasa, ta ɗan ƙwanƙwasi faifan da ke gaban kwamfuresa, wato tukunyar da ke tura gas ɗin sanyi.

Ƙas!

Faifan da ke tsaye ya manne, ya kama juyi. Jimet ya ruga ya zura hannu ta taga. Sanyi.

Ya dawo a hankali, ya tsaya yana kallon muciyar kamar yau ya fara ganin irinta.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Ba kowa. Ranar da tsakina suka mutu, na buɗe ina neman abin da ban sani ba. Na ga wannan faifan a tsaye, alhali da safe na sha ganinsa yana juyi. Haushi ya sa na zungure shi da kara, sai ya kama."

"Kullum haka yake yi?"

"Kullum. Amma ba ya daɗewa. Minti goma, sha biyar, sai ya saki, sai na sake tsayawa. Ran Talata sau bakwai na tsaya kafin gida."

"Da safe fa?"

"Da safe shi ke kama kansa."

"In an yi ruwa, ko gari ya yi lumshi?"

Ta ɗan yi tunani. "Ranar da aka yi hadari bai saki ba sam."

Jimet ya dafa motar, bai ko ji zafin ƙarfen ba. Yanzu kam zaren ya fara haɗuwa. Maganaɗisu ne ke jawo faifan nan ya manne. In maganaɗisun ya yi zafi, ƙarfinsa raguwa yake. In kuma faifan ya cinye da tsufa, tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe, to da sanyin safiya zai iya jawo shi, da rana kuwa sai an tura masa. A inuwar garejinsa, da ƙarfe bakwai, ko shekara zai yi yana dubawa ba zai gani ba.

"Me ya sa ba ki gaya min..." Sai ya tuna shi ne ya yi ta katse ta.

Ta dube shi kawai.

Ya sunkuyar da kai. "Kina da katin waya? Wanda aka kankare."

Ta lalubo guda uku a jaka. Ya ce ta kashe inji, ta buɗe ƙofofi duka, ta jiƙa zane ta yi wa kwalayen fifita. Ya zura kati ɗaya a tazarar, ya shige sakwaf. Ya haɗa biyu, suka shige. Ya haɗa uku, su ma suka shige.

"Ɗaya ya kamata ya shiga, da ƙyar ma," ya faɗa, kamar da kansa yake.

"Ya gyaru a nan?"

"In notin ya yarda. Ki ba ni minti goma."

"Ba su da minti ashirin, Usta."

Ya kwanta a ƙasa mai zafi, ya zura hannu ta ƙarƙashi. Ya tokare faifan da sifana ɗaya, ya kama notin tsakiya da ɗayar. Bai motsa ba. Ya sake dannawa, sifanar ta zame, bayan hannunsa ya manne da bututu mai zafi. Ya ciji leɓe, bai saki ba. A na uku notin ya yi ƙara ya juya.

Ya zaro faifan a hankali, ya karkata shi a tafin hannu. Wasu 'yan washa biyu suka faɗo, ƙanana, sirara kamar ɓawon albasa. Ya cire ɗaya don tazarar ta matse, ya mayar da ɗaya, ya ɗaure. Ya gwada kati: ɗaya ya shiga da ƙyar, biyu suka ƙi.

"Tayar!"

Ta tayar, ta danna maɓalli. Ƙas! Ba muciya, ba kara.

Suka rufe ƙofofi suka hau hanya. Jimet bai yarda da kansa ba tukuna. Ya kasa kunne yana jin faifan yana saki yana kamawa, yana saki yana kamawa da kansa yadda lafiyayye ke yi, har suka wuce Kundul. Can baya, kukan 'yan tsakin ya fara dawowa, ɗaya, biyu, sannan duka, har sai da suka cika motar.

A gona suka shigar da kwalayen ɗakin kaji suka buɗe. Uku ne suka mutu. Madam Solkem ta ajiye su gefe, ta kawo faranti da ruwan sukari, ta tsuguna tana ɗaukar 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya tana tsoma musu baki.

Jimet ya tsuguna kusa da ita. "Don me ake musu haka?"

"Ba su san ruwa ba tukuna. Sai an nuna musu."

Ya ɗauki ɗaya da hannun da ya ƙone, ya tsoma masa baki. Ɗan tsakon ya ɗaga kai sama ya haɗiye.

Jimet ya ajiye shi, ya ɗauko wani. Sannan ya ce, "Yaya, ɗari da taran nan, ni na kashe su. Da na bar ki kin gama magana tun zuwan farko, da suna nan. Ki yafe min."

Ba ta ɗago ba. "Na ji, na yafe. Akwai mata biyu a ƙungiyarmu, motarsu na irin wannan ciwon. Zan turo maka su. Amma ɗayar akwai dogon bayani."

"Zan ajiye mata benci."

Ta yi 'yar dariya, ta tura masa kwali na biyu. "To ci gaba. Saura ɗari uku."

Darasi: Iliminka na sana'a bai kai ka raina wanda yake zaune da matsalar kullum ba. Kai ka san yadda abu yake aiki, shi ya san lokacin da yake lalacewa, kuma gyara ba ya samuwa sai an haɗa biyun. Ko likita ne kai, ko malami, ko maigida, ka bar mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Ku tura wa wani, musamman wanda kuka san yana katse mutane da "na gane".