Ƙwallon da Aka Taro Daga Gida

Ku matso ku zauna, tunda kun ce ƙwallo ne aikinku. Ga wata magana da ta raba kan mutanen Rafin Kuka, har yau ba su daidaita ba.

A garin nan akwai wasu abokai uku da suka yi ƙwallo tare tun suna samari. Jazuli tela ne, Mamuda yana sayar da taki a bakin kasuwa, Tanimu kuma gyaran babur yake yi. Da ƙafa ta yi musu nauyi sai suka tara yaran unguwa waɗanda ba su kai shekara goma sha biyar ba, suka kafa ƙungiya. Jazuli ne babban koci, sauran biyun suna taimaka masa.

Jazuli ya zo da wani tsari da garin bai saba gani ba. Ya hana yara doka ƙwallo sama a bi ta da gudu. Ya ce gola ya ajiye ta ƙasa ya miƙa wa ɗan baya, ɗan baya ya buɗe gefe ya karɓa, ɗan tsakiya ya sauko ya ba shi wurin da zai tura, a haka za a taro ta daga gida ƙafa zuwa ƙafa har a kai gaba. Dattawan kwamitin ƙungiyar suka ce wannan wasa da rai ne a bakin raga. Da farko kuwa yaran sun sha kashi, don ƙwallo kan kuɓuce musu a inda bai kamata ba. Amma a hankali ƙafafunsu suka natsu, har ya zama wasu ƙungiyoyi sai su yini suna bin ƙwallo ba su taɓa ta ba. Da haka suka kai wasan ƙarshe na kofin gunduma, inda za su kara da yaran Tudun Makera, waɗanda wani Ɗan'azumi yake horarwa.

Kafin ranar, sai aka haɗa ƙungiyoyin biyu wasan sada zumunci a bikin wani makaranci. A nan abin ya lalace. Golan Rafin Kuka, wani yaro Sadisu, da ƙafar dama kawai yake bugu, don haka kusan kullum ɗan baya na hagu yake fara ba wa. Yaran Ɗan'azumi ba su jira ba. Sadisu yana ɗaga ƙafa sai ka ga uku sun riga sun rufe yaron hagu, kamar an raɗa musu a kunne. Sau biyu suka ƙwace, sau biyu suka ci.

Kafin magariba magana ta cika gari cewa akwai mai kai rahoto. Kuma kowanne cikin abokan nan yana da abin da za a nuna shi da yatsa. Mamuda ƙanwar Ɗan'azumi yake aure. Tanimu shi yake gyara wa Ɗan'azumi babur, yaran Tudun Makera ma ba sa rabuwa da garejinsa. Jazuli kuwa an ga motar attajirin da yake ɗaukar nauyin Tudun Makera a ƙofar shagonsa, ya ce ɗinki mutumin ya kawo, wasu suka ce aikin koci ya zo yi masa tayi. Abokan suka ci gaba da gaisawa, amma hira ta mutu. In ɗaya ya fara magana a wurin atisaye, sai sauran biyun su zuba masa ido suna auna ta.

To, ga abin da kowa ya yi.

Jazuli dai kwamiti ya kira shi, aka ce ya bar wannan tsari, ranar wasan ƙarshe gola ya riƙa dokawa gaba a huta. Ya ƙi. Ya ce da shugaban kwamitin, “Alhaji, in ka ce in sauka yanzu zan sauka. Amma muddin ni ne a kan yaran nan, ba zan koya musu tsoron ƙwallo ba.” Aka bar shi ba don an so ba. Ya kwashe 'yan baya da 'yan tsakiya ya kai su wani ɗan fili matsattse bayan makarantar firamare, ya ja da'ira a ƙasa, ya sa yara huɗu su riƙe ƙwallo, wasu biyar suna farautarsu. Duk wanda ya firgita ya doke ta waje sai a sake daga farko. Har yaran suka saba da a taso musu su tsaya, su duba, sannan su bayar.

Tanimu kuwa golan ya bi. Sadisu ya daina zuwa fili, don yara suna binsa a layi suna cewa ya sayar da wasa, mahaifinsa kuma ya rantse ba zai ƙara sa safar hannu ba. Tanimu ya yi ta zirga-zirga gidan, ana korarsa yana komawa, har uban ya sauko. Daga nan kullum da sassafe sai ya shigar da yaron bayan gareji ya rufe ƙofa, ya jera tsofaffin tayoyi a jikin katanga, ya sa shi yana auna su da ƙafar hagu. Yaron ya yi kuka, ya yi targaɗe, ya warke, har hagun ta fara jin magana, yana iya tura ƙwallo dama ba tare da ya juya jiki ba. Tanimu bai gaya wa Jazuli ba, bai gaya wa Mamuda ba. Ya ce wa yaron ko a gida kada ya faɗa.

Mamuda shi bai daina zuwa gidan surukinsa ba, duk da an yi ta yi masa magana. Ana gobe wasa aka gan su zaune a kan tabarma ɗaya suna cin tuwo. Wani maƙwabci ya rantse ya ji Ɗan'azumi yana tambayarsa ko an canza wani abu, Mamuda ya amsa masa da cewa, “Me za a canza? Yaron nan hagunsa ta hawa keke ce kawai. Inda ya saba bayarwa nan zai bayar.”

Ranar wasa fili ya cika har kan bishiyoyi. Ɗan'azumi ya tara yaransa gefen hagu, ya bar dama kusan fayau. Amma Sadisu da ya ga taro sai jikinsa ya yi sanyi, ya koma abin da ya saba. Aka ƙwace, aka ci su ɗaya. Mutanen Rafin Kuka suka yi ta ihu a doka gaba, wasu har da jifa da ɓawon rake. Da aka tafi hutun rabin lokaci shugaban kwamiti da kansa ya shigo cikin yaran yana cewa su bar shirme. Jazuli ya bari ya gama, sannan ya durƙusa a tsakiyarsu ya ce ba wanda zai doka ƙwallo sama, ko da goma za a ci su, laifin a kansa yake. Tanimu ya ja Sadisu gefe ya nuna masa ƙafarsa ta hagu.

Da aka dawo, yaran Tudun Makera suka sake rugawa hagu. Sadisu ya sa hagunsa ya tura dama. Ɗan bayan can ya karɓa ba kowa a kansa, ya ba ɗan tsakiya, aka taso wa wannan bai firgita ba, ya mayar, aka sake ba shi, ƙwallo ta yi ta tafiya a ƙasa har cikin raga. Ɗan'azumi ya ɗauka dace ne, don surukinsa ya tabbatar masa, bai janye yaransa daga hagu ba. Aka ƙara musu ta biyu ta wannan hanya. Kafin ya farga alƙalin wasa ya busa tashi, kofi ya tafi Rafin Kuka.

Murna ba ta daɗe ba. Aka gayyaci ƙungiyar gasar jiha, aka ce babba ɗaya kawai zai raka yaran, shi zai kwana da su, shi zai zauna a benci. Kwamiti ya zauna, aka kira mutum ukun.

Masu son Jazuli suka ce ba don ya dage ba, da yaran sun zubar da ƙwallo sun zubar da kofi. Wasu suka ce a tsaya. Mutumin da aka ci shi ɗaya ya ce a ci gaba da abin da ya jawo cin, alhali bai san golansa ya koyi hagu ba, to da me ya dogara? Ko dai so yake a sha kashi ya tafi inda aka yi masa alkawari? Jazuli ya ce ya dogara da abin da ya koya wa yara ne.

Masu son Tanimu suka ce ba don shi ba, da babu gola ma a raga, balle ƙafar da ta buɗe wasan. Wasu suka ce mataimakin da zai ɓoye wa babban koci abu irin wannan, ya zuba ido har a ci su, kujerar yake nema. Tanimu ya ce ya ɓoye ne don bai san wanda zai yarda da shi ba.

Masu son Mamuda suka ce ba don maganarsa ba, da Ɗan'azumi ya raba yaransa hagu da dama, hagun Sadisu ba ta amfana komai ba. Mamuda ya ce da gangan ya yi, ya taɓa leƙawa ta saman katangar gareji ya ga abin da ake yi, shi ya sa ya ɗora surukinsa a kan hanyar banza. Tanimu ya ce katangarsa ta fi ƙarfin leƙe, ba wanda ya gan su. In haka ne, to gaskiyar da ya sani Mamuda ya kai wa abokin hamayya, Allah ne ya juya ta.

Ba wanda aka kama da komai, ba kuma wanda ya wanku sarai. Iyaye suna tsaye a waje suna jiran su ji hannun wa za su saka 'ya'yansu.

To, ku da kuke zaune, in ɗanku yana cikin motar da za ta kai yaran gasar jiha, wa za ku ce ya tafi da su: Jazuli, Tanimu, ko Mamuda?