Bindigar Biri da Zanen Zabuwa

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso, Iya, mu sha.

To, a daina mutsu-mutsu. Shaho ne ya addabi Zabuwa, har ɗan tsako ɗaya ya rage mata. Ta ruga wurin Biri maharbi tana kuka. Shi kuwa damina ta kumbura masa icen bindiga, ya matse ƙarfen, duk harbin da ya yi sai ya karkace.

Kunkuru masassaƙi ya duba ya ce, "Kankare icen da wuƙa, kaɗan-kaɗan, har ganyen kaba ya ratsa ƙarƙashin ƙarfen. Kada ka wuce haka."

Biri ya ce, "Kaɗan-kaɗan? Baba, Shahon ƙaninka ne da zai jira ni?"

Ya fizgi gizago ya kafta wa icen sara. Ƙarfe ya samu wuri har yana rawa.

Zabuwa ta ce, "Ga shi can, Biri, harba!"

Daram! Ƙarfe ya zabura, tsakuwa da albarushi suka watsu a jikin Zabuwa. Shaho ya sure tsakon ya yi sama, ko gashinsa bai girgiza ba.

Zanen nan da kuke gani a jikinta, aikin Biri ne.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu!