Yashi a Gindin Salak

Akwai wata mata a wani ƙauye na bakin kogi, ana ce da ita Bilhatu. Mijinta mai lambu ne, yana noman salak da tumatir da albasa da rani. Ita kuwa Allah ya yi mata baiwar hannu wajen kwaɗon salak. Kowace mace a ƙauyen ta iya yanka ganye ta barbaɗa masa ƙuli, amma na Bilhatu dabam ne, asirin kuma yana cikin mahaɗin da take damawa da kanta. Idan zumuntar matan ikilisiya ta yi taro aka jera kwanuka, nata ne yake fara ƙarewa. Har dattawan da suke cewa ɗanyen ganye abincin akuya ne, sai ka gan su suna suɗe yatsa. Ta san da haka, ba ta kuma ƙin a faɗa a gabanta.

Bilhatu tana da yaya mace guda ɗaya, sunanta Keziya, wadda take zaune a garinsu na haihuwa, tafiyar rabin yini daga ƙauyen. Keziya ce ta yi jinyar mahaifiyarsu shekara biyu. Ita ce ɗagawa, ita ce kwantarwa, ita ce wankin zannuwa. Da ciwo ya tsananta aka aika wa Bilhatu ta zo, sai ta ce a bari ta gama da kasuwar mako tukuna. Kafin ta iso, tsohuwa ta riga ta cika.

A bakin kabari, gaban dangi da dattawan ikilisiya, baƙin ciki da kunyar kanta suka taru suka yi wa Bilhatu nauyi. Ta rasa inda za ta sauke su, sai ta juya ta ce wa yayarta, "Da kin kai Mama asibiti da wuri, da yanzu tana nan. Ke kika yi sakaci da ita."

Keziya ta gyara ɗaurin zaninta, ta koma gida.

Tun kafin rana ta faɗi a wannan yini Bilhatu ta san ƙarya ta yi. Amma shekara uku suka wuce bakinta bai iya buɗewa ya faɗa ba. Maimakon haka sai ta shiga aike. Kirsimati ta aika da turmin atamfa, lokacin tumatir ta aika da kwando guda, wani lokaci har da kaza. Kowane saƙo ya je, amsa ɗaya ce take dawowa: an gani, an gode. In sun haɗu a wurin biki ko makoki, sai ina kwana, ina gajiya, kowacce ta kama gabanta. Abin yana cin Bilhatu ƙwarai, gama su biyu kaɗai uwarsu ta bari.

Ana nan sai labari ya zo cewa ɗan Keziya zai ɗauke ta ta koma wurinsa da zama, can wani gari mai nisa, domin ƙarfinta ya fara raguwa. Motar da za ta kai ta can za ta bi ta ƙauyen ranar Alhamis, Keziya kuma ta ce za ta tsaya kaɗan su yi sallama.

Bilhatu ta gane in wannan rana ta wuce, mai yiwuwa ba za ta sami wata ba. Sai ta ce a ranta, "Zan yi mata kwaɗon da ba ta taɓa cin irinsa ba. In ta ci, zuciyarta za ta yi sanyi, ta gane ina ƙaunarta. Ba sai an tono tsohuwar magana ba."

Ranar Alhamis da safe mijinta ya kawo mata kan salak shida daga lambu, manya, kore shar. Da zai koma ya ce, "Yanzu na gama ban ruwa, kin kuwa san ƙasar nan rairayi ce. Ki ɓare shi ganye-ganye ki wanke."

Ta ce, "Yau kuma ni za a koya wa salak?"

Ta ajiye ganyen a inuwa, ta fuskanci mahaɗi. Ta daka ƙuli ya yi laushi, ta tankaɗe, ta sake daka tsakin. Ta matse lemun tsami tana tsince 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Ta zuba man gyaɗa na gida, da gishiri, da ɗan dakakken barkono, ta yi ta kaɗawa har mai da tsami suka kama juna. Ta ɗanɗana ta ƙara gishiri, ta ɗanɗana ta ƙara lemo, ta ɗanɗana kuma ta ga lemon ya ɗan yi gaba, ta ƙara ƙuli. Tana cikin haka rana ta take, sai ga ƙarar mota a bakin hanya.

Nan ta tashi a gurguje. Ta ɗauki kan salak huɗu, ta tsoma su dunƙule a roba, sau ɗaya, sau biyu, ta girgije. Ta yayyanka, ta sa tumatir da kokwamba da albasa, ta juye mahaɗin duka a kai ta cuɗa. Kwano ya fito yana sheƙi, ƙamshi ya cika tsakar gida.

Keziya ta shigo a hankali. Ta rame, furfura kuma ta ƙaru. Bilhatu ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa.

"Sannu da hanya, Yaya. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya yara? Ya maigidan?"

"Duk lafiya, mun gode Allah."

Bilhatu ta yi sauri ta kawo kwano. Keziya ta yi addu'a, ta sa hannu, ta kai loma ta fari. Ta gyaɗa kai ta ce, "Hannunki yana nan yadda na san shi." Zuciyar Bilhatu ta yi fari.

A loma ta biyu sai aka ji ƙaras. Keziya ta tsaya da tauna, ta kare bakinta da hannu, ta juya gefe ta zubar. Ta gwada ɗaya gefen kwanon, nan ma ƙaras. Sai ta janye hannunta ta ɗora a gwiwa.

Bilhatu ta rikice. Ta ce, "Ko gishiri ne bai ji ba, Yaya? Bari in kankaro sauran mahaɗin in ƙara miki."

Keziya ta ce, "Bar shi, Bilhatu. Mahaɗinki ba abin da ya rasa. Yashi ne a ciki."

"Ai kuwa na wanke."

"Kin dai jiƙa shi."

Bilhatu ta dubi kwanon. Ganyen da aka riga aka cuɗa da mai da tsami ba ya sake wankuwa, in ka sa masa ruwa sai ya zama tsumma. Aikin safiya guda, da ƙulin, da man, duk sai dai a zuba wa awaki. Kunya ta kama ta, ta rasa inda za ta sa idonta.

Keziya ta hangi kwando a inuwa ta ce, "Ba ga saura biyu can ba? Kawo su, ki kawo roba da ruwa."

Ta ɗauki kai ɗaya ta fara ɓarewa, ganye bayan ganye. A gindin kowane ganye, can cikin farin kwarin da ido ba ya gani daga waje, ga yashi kwance. Ta murje shi da babban yatsa a cikin ruwa. Bilhatu ta durƙusa ta ɗauki ɗaya kan tana yin haka ita ma. Suka wanke a ruwan fari, suka tsame ganyen sama don kada yashin ya biyo shi, suka sake wankewa a ruwan gishiri, sa'an nan suka ɗauraye. Da Bilhatu ta zo zubar da ruwan fari, ta sa hannu a ƙasan robar, ta ɗebo yashi ya kusa cika tafinta. Ta daɗe tana kallonsa. Wannan ne ta ɗora wa mai da ƙuli ta miƙa wa yayarta.

Hawaye suka zubo mata. Tana nan durƙushe ta ce, "Yaya, ranar da aka binne Mama na yi miki ƙarya a gaban mutane. Ba ki yi sakaci ba. Ni aka aika wa ban zo ba, na ɗauki laifina na ɗora miki. Don Allah ki gafarta mini."

Keziya sai da ta gama ɗauraye ganyen da yake hannunta, ta ajiye a faifai, sa'an nan ta ce, "Duk saƙon da kika aiko, sai na tambayi mai kawowa, ba ta ce komai ba? Ya ce a'a. Shekara uku ke nan ina kwana ina tashi ina tambayar kaina ko da gaske ni na kashe Mama." Ta share idonta da gefen zani ta ce, "Na yafe miki, ƙanwata. Tashi ki yanka mana ganyen nan, mai mota ba zai yi ta jira ba."

Mahaɗi ya riga ya ƙare. Abin da ya rage a gidan rabin lemo ne, da ɗan gishiri, da cokali guda na mai, da ɓurɓushin ƙuli a gindin turmi. Da su aka haɗa. Suka ci a kwano ɗaya har suka ga ƙasansa. Mota ta yi ƙaho, Bilhatu ta raka yayarta bakin hanya riƙe da hannunta. Ranar Lahadi kuma Bilhatu ta tafi garinsu, ta tsaya gaban dattawan nan da suka ji maganar fari, ta janye ta da bakinta. Ko 'yan'uwan nan biyu sun sake ganin juna a duniya, wannan ban sani ba.

Ma'anar misalin nan ba a ɓoye take ba, 'yan'uwa, amma bari in buɗe ta.

Yashin nan shi ne laifin da muka yi wa wani, muka san mun yi, muka ƙi kiransa da sunansa. Ba ya zama a saman ganye inda kowa zai gani. Can gindi yake shiga ya kwanta, shi ya sa tsomawa sau biyu ba ta fitar da shi. Da yawanmu tsomawa muke yi. Mukan ce, "In akwai abin da na yi maka, ka yi haƙuri," alhali mun san abin, mun san ranar, mun ma san kalmar da muka faɗa. Wannan jiƙawa ce, ba wanki ba.

Mahaɗi kuwa shi ne kyauta, da fara'a, da daɗin baki, da hidima. Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce waɗannan ba su da kyau. Suna da kyau ƙwarai, amma wurinsu bayan wanki ne. In suka riga wanki zuwa, su ma asararsu ake yi.

Na ga maza suna murmushi don misalin na mata ne. Kada ku yi saurin murmushi. Ni mai faɗa muku, akwai ranar da na ɓata wa matata rai da safe da wata magana marar daɗi, da yamma na dawo da tsire a takarda ina ta fara'a. Ta karɓa, ta ce an gode, ta raba wa yara, ta ci nata. Fuskar dai tana nan yadda na bar ta. Sai da na zauna na ce, "Abin da na faɗa da safe ba daidai ba ne," sa'an nan gida ya zama gida. Na ji kunya a ranar, har yanzu kuma in na tuna ina ji.

Haka muke yi wa Ubangiji ma. Mu zo da baiko, wato sadakarmu, mu ɗaga murya a waƙa, mu riga kowa zuwa sharar majami'a, muna fata ƙamshin zai sa ya manta da abin da yake ƙasa. Shi kuwa ba a ruɗinsa da ƙamshi. Abin farin ciki shi ne, ba ya ture kwano ya tashi. Yakan nuna mana yashin, ya zauna tare da mu har a wanke. In kuwa kai ne aka yi wa laifi, ka dubi Keziya. Ba ta haɗiye yashi don kunya ta ce da daɗi ba, ba ta kuma yi fushi ta koma mota ba. Ta faɗi gaskiya, ta sa hannu a ruwa.

Abin da ya fi taɓa ni a misalin nan shi ne shekara ukun da Keziya ta yi tana tuhumar kanta a kan abin da ba ta yi ba. Mukan ɗauka shirunmu mu kaɗai yake damu. A'a. Akwai wanda yake ɗauke da maganarka har yau, kai kana can kana daka ƙuli.

Tun da na fara misalin nan, akwai sunan da yake ta kai da komowa a zuciyarka. Ba ni na sa shi a can ba. In an tashi, kada ka biya kasuwa neman abin riƙewa a hannu. Je ka hannu wofi, ka faɗi abin da ka yi yadda ka yi shi, yau, tun mutumin yana inda ƙafarka za ta iya kai ka.