Kwanukan Yara Talatin da Biyu da Amanar Auta

Akwai wata mata da yaran unguwarsu ke kira Anti Mai Lambu. Sunan ya bi ta har manya ma suka daina kiranta da na asali.

A bayan gidanta akwai ɗan fili da bai fi faɗin ɗaki uku ba. A nan ta shuka karas, tumatir, kabeji da kokwamba. Ga bishiyar lemo biyu, ga kaji ashirin da 'yan kai, ga amya biyu ta zuma a can kusurwa. Ba ta sa takin zamani, ba ta feshin magani. Kashin kaji da ɓawon kayan miya take zubawa a rami, su ruɓe su zama taki.

Maigidanta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana gida ba. Ita ke fama da tagwayensu mata, da ƙanwarta Auta, wadda ta riƙe tun tana shekara tara, bayan rasuwar mahaifiyarsu.

Kullum da safe sai ta shirya wa tagwayen kwanon makaranta. Burodin da ta gasa da hannunta, dafaffen ƙwai, shinkafa da karas, wani lokaci ɗan biskit na zuma. Ba a jima ba sai tagwayen suka fara dawowa da yunwa, don 'yan ajinsu ne ke wawashe abincin. Iyaye suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Anti, a taimaka a haɗa da nawa. Ɗana ba ya cin karas, amma naki har lashe murfi yake."

Kafin shekara ta zagayo, kwano talatin da biyu take cikawa kowace safiya.

Wata rana wata ma'aikaciyar jinya ta zo riƙe da hannun 'yarta. Yarinyar 'yar firit ce, shekararta shida, 'yan ajinsu na kiranta Tsuntsuwa. Nas ɗin ba ta ko zauna ba.

"Anti, gara in faɗa miki tun yanzu. Jikin yarinyar nan ba ya karɓar gyaɗa. Ko man gyaɗa ya taɓa abinci, maƙogwaronta kumbura yake, numfashi ya gagara. Ban taɓa barin kowa ya dafa mata ba. Amma aiki ya yi mini yawa."

Anti Mai Lambu ta dafa kan yarinyar ta ce, "Daga yau gyaɗa ta bar gidan nan. Auta, kin ji ko?"

Auta na bakin famfo tana wanke kwanuka. Ta ce, "Na ji, Yaya. Saura kajin su ma ki sa su makaranta, mu huta gaba ɗaya."

Aka yi dariya. Haka Auta take, bakinta ba ya rasa abin ban dariya. Shekararta ashirin da huɗu, ta gama karatu, aiki bai samu ba tukuna. Duk sirrin kicin ɗin nan babu wanda yayarta ta ɓoye mata.

Ana tsakiyar zangon karatu na uku, Anti ta hau tsani tsinkar lemo, tsanin ya goce. Ƙafa ta karye wuri biyu. Aka ɗaure ta tun daga cinya, likita ya ce sati takwas ba ta ba taka ƙasa.

Ta so ta kira iyaye ta ce a dakata. Auta ta karɓe wayar daga hannunta.

"Haba Yaya! Ina raye? Ki kwanta ki warke. Abin da hannunki ke yi, nawa zai yi."

Anti har da ƙwalla. Ta ce a ranta, riƙon da ta yi bai tafi a banza ba.

Daga kan gado take jin ƙarar tukwane da safe. Abincin da Auta ke kawo mata ɗaki lafiya lau. Na tagwaye ma lafiya lau, don takan buɗe kwanonsu ta duba kafin su fita. Sau ɗaya wata uwa ta ce biskit ɗin ya ɗan yi zaƙi da yawa. Anti ta ce, "Hannun yarinya ne, a yi mata uzuri."

Ranar da za a ba da hutu, makarantar kan yi wa yara 'yar walima. Anti ce ke yin kek ɗin karas da zuma, da biskit mai siffar tauraro. Yara tun sati biyu suke lissafin ranar. Auta ta gasa, ta kawo wa yayarta yanki guda ta ɗanɗana. Ya yi daidai.

Wajen sha ɗaya na safe waya ta yi ƙara. Shugabar makarantar ce.

"Me kika sa a kek ɗin nan? Tsuntsuwa ta faɗi, leɓenta ya kumbura, ba ta iya numfashi. Muna hanyar asibiti."

Anti ta nemi miƙewa, ta manta da ƙafa, ta zube a gefen gado. Ta ƙwala wa Auta kira.

"Auta, me ya shiga kek ɗin nan?"

"Abin da kika koya mini, Yaya. Wataƙila wani abin ta ci a wurin ƙawayenta."

Ta faɗa tana kallon labule.

Allah ya yi da sauran kwanan yarinyar. Sai da aka yi mata allura biyu aka sa mata abin numfashi, kafin la'asar ta buɗe ido. Anti ta kira Nas sau bakwai, ba ta ɗauka ba.

Washegari da Auta ta fita, Anti ta jawo sandunan da aka ba ta a asibiti, ta dogara har kicin. Rabonta da shi sati bakwai.

Ta buɗe kwalbar zuma ta lasa. Sukari ne aka dafa har ya yi ja. Ta buɗe galan ɗin mai ta shinshina. Man gyaɗa ne. A can bayan kabad ta ga 'yar kwalbar zuma ta gaske da ɗan mai na gaske. Sai a lokacin ta gane: tukunya biyu ake ɗorawa a gidan, ɗaya tata da tagwaye, ɗaya ta 'ya'yan mutane.

Ta ja ƙafa zuwa lambu. An tumɓuke karas kaf, kabeji sai kututture. Ta soka sanda a ramin taki ta juya, sai ga ledoji suna fitowa. Ledar garin kek na kanti, ledar kalar abinci, ledar biskit mai arha. Sun fi ɗari.

A nan Auta ta dawo ta same ta, zaune a ƙasa, ledojin a cinyarta.

"Ina ƙwan kajina? Ina zumata?"

Auta ta ɗaga kafaɗa.

"Na sayar. Yaya, ke kike wahalar da kanki. Yaro ina ya san bambanci? Sati bakwai suna ci, wa ya yi magana? Shekara nawa ina wanke miki kwanuka? Ni ma ina so in kama shagona."

"Da kin tambaye ni, da ni zan kama miki. Auta, a gabanki matar nan ta ce gyaɗa na iya kashe 'yarta."

"Nata kullum daga tukunyarku nake zubawa. Na manta ne ranar."

"Kin manta da 'yar mutane, amma ba ki manta kin yanko mini nawa daga wani kek ɗin daban ba."

Auta ta juya. Ta shiga ɗaki ta haɗa kayanta, ta tafi gidan wata ƙawarta.

Anti ta ɗauka iyakar abin ke nan. Bayan kwana biyu Shugabar makaranta ta kira ta, a sanyaye.

"Ƙanwarki ta zo wurina. Ta ce tun farko haka kike yi. Wai lambun na ɗaukar hoto ne kawai, ita umarninki take bi, kuma ta sha yi miki magana."

Anti ta ajiye wayar. Karayar ƙafa ba ta sa ta kuka ba, amma ranar ta yi kuka har tagwaye suka tsorata. Yarinyar da ta yi wa kitso, ta raka ta makaranta, ta yi jinyarta da ƙyanda, ita ce ta je ta zauna a ofis ta tsara wannan magana.

Maigidan ya dawo ya ji labari, ya ce sai ya je ya jawo Auta ta kunne gaban iyayen yara. Anti ta hana shi.

"Iyayen nan ba Auta suka ba 'ya'yansu ba. Ni suka ba."

Makaranta ta kira taron iyaye a cikin hutun. Ɗakin taron ya cika. Da Anti ta shigo da sandunanta, babu wanda ya matsa mata kujera. Wata ta ce da ƙarfi, "Ga mai lambun hoto nan." Nas na zaune a gaba, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Anti ta zazzage ledojin a kan tebur.

"Wannan ne abin da 'ya'yanku suka ci sati bakwai. A ramin takina na tono su, ba wanda ya tilasta ni in kawo. Ban sani ba, amma ya kamata in sani. Ranar da na kwanta ya kamata in gaya muku ba hannuna ke dafawa ba, ku zaɓa da kanku. Ban gaya muku ba. Wannan laifina ne, ku yafe mini."

Aka ce, "To wa ya dafa? Ƙanwarki ta ce ke kika sa ta."

Anti ta ƙi ɗora laifin a kan ƙanwarta a gaban jama'a.

Sai wani mutum ya miƙe daga baya. Mai kantin bakin titi ne, ɗansa na aji uku, yana cikin masu kwano. Ya zo ya ɗaga leda ɗaya, ya juya ta, ya ga tambarin farashin kantinsa.

"Jama'a, wannan kayan kantina ne. Shekara biyu matar nan ko gishiri na leda ba ta taɓa saya a wurina ba. Ƙanwarta ce ta fara zuwa satin da Anti ta karye. Ta kawo mini ƙwai da zuma da karas, ta ce lambu ya yi yawa. Ta ɗauki garin kek da man gyaɗa, ta ce na wata ƙawarta ne. Na sayar wa baƙi abincin ɗana, na ba da wannan aka dafa masa. Ni ma ban tambaya ba."

 Matar da ta yi maganar hoto ta tashi ta tura wa Anti kujerarta.

Duk da haka ba kowa ya dawo ba. Da aka koma makaranta, kwano tara kacal aka kawo. Anti ba ta bi kowa da roƙo ba. Ta sake shuka, ta cire ƙyauren kicin ɗin gaba ɗaya, ta ce duk uwar da ke so ta shigo ta gani, ba sai ta yi sallama sau biyu ba. Sannu a hankali tara suka zama ashirin. Nas ba ta sake kawo kwanon Tsuntsuwa ba, kuma Anti ba ta ga laifinta ba. Sai dai wata Asabar ta zo sayen karas, ta tsaya ta tambayi Anti ya ƙafa.

Auta kuwa ta buɗe shagon kek ɗinta. Labari ya riga ta isa, wata uku ta rufe.

Wata safiya Anti na yankan kabeji, waya ta yi ƙara. Auta ce, tana kuka.

"Yaya, ki yafe mini. Ba ni da kowa sai ke."

Anti ta ajiye wuƙar. 

"Ƙwai da zuma na yafe. Ƙaryar da kika yi mini a ofis, ina ƙoƙari, ba ta gama fita daga raina ba. Amma numfashin yarinyar nan ba nawa ba ne da zan yafe. Kin san gidan uwarta. Ki fara zuwa can, sannan ki zo nan."

Darasi: Wanda ya ba ka cikin ɗansa ka cika, ransa ya ba ka. Kada ka ci amanar da aka damƙa maka don kana ganin ba mai gani, kuma kada ka miƙa amanar mutane ga wani hannu, ko na jininka ne, ba tare da ka sanar da su ba. In kuskure ya faru a ƙarƙashin sunanka, ka tsaya ka faɗi gaskiya. Ku tura wa duk mai dafa wa yara abinci, da duk uwar da ke sa kwano a jakar ɗanta da safe.