Mai Mangwaro da Baƙaƙen Ƙudaje

Akwai wani mutum mai lambun mangwaro a bakin rafi. Ubansa ne ya dasa itatuwan, shi kuwa ya gada. Da su yake riƙe gidansa a bazara, lokacin da hatsi ya ja baya a rumbu.

Wata shekara mangwaron ya yi 'ya'ya har rassa suna taɓa ƙasa. Amma da aka soma tsinka, duk wanda aka yanka sai a tarar da tsutsa a ciki. Wani ɗan ƙaramin ƙuda ne yake huda 'ya'yan, ya zuba ƙwai, ya tafi abinsa. Mutumin nan da hannunsa ya kwashe ruɓaɓɓun, kwando bayan kwando, ya zubar a rami. Tun daga ranar, ko a bakin kwano ya ga ƙuda sai ransa ya ɓaci.

Shekara ta kewayo, itatuwa suka yi fure. Wata safiya ya shiga lambu, sai ga ƙananan ƙudaje sun lulluɓe jikin itatuwan, baƙaƙe ƙirin, suna shan hantsi a kan ɓawo. 

Ya ce, "Kun dawo ke nan. To, bana ni da ku ne."

Matarsa tana hawowa daga rafi da tulu, ta ji shi. Ta sauke tulun, ta matso, ta kama ɗaya daga jikin itacen, ta miƙo masa a tafin hannu.

Ta ce, "Maigida, dubi wannan tukuna. Na bara masu ɗigon rawaya ne a baya, kuma a kan 'ya'yan suke sauka. Waɗannan baƙaƙe ne. Tun Baba yana da rai, duk lokacin fure suna nan, ban taɓa ganin ya kore su ba."

"Ƙuda ƙuda ne."

"Ka dai duba. Ga shi nan, ba ya cizo."

"Ke kika zubar da kwandunan bara, ko ni? Yau kuma kin zama lauyar ƙudaje? Ɗauki tulunki ki wuce."

Bai duba ba. A ransa ya san in ya duba, wataƙila sai ya dakata, shi kuwa tun bara yake jiran wannan rana. Ya koma gida ya ɗauko ragowar maganin da ya fesa wa wake da damina. Ya haɗa shi da kauri fiye da yadda ake haɗawa, ya goya tankin feshi a baya. Ya bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, daga gindi har furen da ke sama, bai bar ko reshe ba. Kafin rana ta take, ƙasa ta yi baƙi da gawar ƙudaje. Ya tsaya yana kallo, zuciyarsa ta yi sanyi. Ran nan har ƙarin tuwo ya nema.

Bayan 'yan kwanaki fure ya soma bushewa yana zubowa. Ashe baƙaƙen nan su ne suke bi daga fure zuwa fure, da haka furen yake ɗaure ɗa. A jikin itacen hutawa kawai suke yi. Lambun maƙwabcinsa a hayin rafi ya cika maƙil. Nasa kuwa ganye ne zalla, sai ɗaya nan, ɗaya can. Da waɗannan 'yan kaɗan ɗin suka soma nuna, sai ga mai ɗigon rawaya ya iso. Ranar feshi ba ya lambun, don lokacinsa bai yi ba. Ya huda su tas.

A bazarar nan matar ce ta riƙa haye rafi da ƙwarya, tana roƙon maƙwabci ya bar ta ta tsinci wanda iska ta kayar. Wata rana mutumin yana zaune a gindin itace ya ga ta dawo, zanenta a jiƙe, ƙwaryar ko rabi ba ta kai ba.

Ya ce, "Da kin hana ni."

Ta ce, "Na miƙa maka hannuna. Ka ce in ɗauki tuluna."

Ga ma'anar wannan misali, kuma ba ta da wuya. Lambun nan ikilisiya ce. Mai lambun kuwa, kowa ya san kansa.

Bara wani saurayi ya shigo sujada a buge, ya zagi mai wa'azi, ya fasa taga. Laifi ne, ba wanda ya ce ba laifi ba ne. Amma daga nan duk samarin da suke zama a jikin bangon majami'a suka zama 'yan iska a bakinku, ku dattawan ikilisiya. Kuka fita kuka kore su kamar awaki. Wa ya tsaya ya dubi fuskar ko ɗaya? A cikinsu akwai wanda yake ɗauko wata tsohuwa makauniya a babur kowace Lahadi. Akwai mai jawo abokansa su zo su ji Maganar Allah, ko ta taga ce. Matanku sun gaya muku, kuka ce su yi shiru. Yanzu jikin bangon wayam, tsohuwa tana zaune a gida. Wanda ya fasa tagar ma ba ya nan ranar da kuka yi korar. Yana can yana shan abinsa, ba wanda ya je masa.

Ubangiji ba ya shari'a a dunƙule. Kowa da sunansa ya san shi. Ku da ba ku halicci ko ƙuda ba, wa ya ba ku iko ku yanke hukunci ido a rufe? Fushin da ya ƙi dubawa zunubi ne, ko da a ƙofar majami'a aka yi shi.

Kafin Lahadi, kowane dattijo ya taka zuwa gidan ɗaya daga cikin samarin nan. Kada ku aika. Ku je da ƙafarku, ku yi sallama, ku zauna a tabarmarsa, ku ce kun yi kuskure. In bakinku ya yi muku nauyi, ku tuna bai yi nauyi ba ranar da kuka kore su.