Kitsen da Sarkin Pawa Ya Gani da Idonsa

Ga ta nan gare ku, wanda ya ce ƙarya ce ya je Yawuri ya tambaya.

Sarkin Pawa Makau mutum ne da idan ya zauna a benci, sai bencin ya yi salati. Likita ya ce kitse ya cika masa jini, in bai bar cin maiƙo ba zuciyarsa za ta tsaya. Makau ya yi dariya.

"Shekara arba'in ina fiɗa, ban taɓa ganin kitse yana yawo a jijiya ba. Ku nuna mini a jikin mai rai, in bari."

Hankalin 'yarsa Dakta Hansatu ya tashi, don ta san taurin kan tsohon. A jami'a aikinta binciken wani ɗan kifi ne mai zane a jiki kamar atamfa. 'Ya'yansa garau suke kamar gilashi, ana hango hanji da jijiya, kuma yadda jikinsu ke sarrafa kitse ya yi kusa da namu. Ta kwaso iyayen kifin, da madubin ƙara girma, da rinin da ke sa kitse walƙiya, ta kafa su a zauren gidan.

Sai kifayen suka ƙi yin ƙwai. Sati biyu Hansatu tana kunna musu fitila ba kashewa, wai ta lura da su. Yayanta Tanimu, mai kiwon tarwaɗa, ya leƙo ya riƙe baki.

"Dakta, duk digirinki? Wace amarya ce za ta sake an haske ta da fitila?"

Ya raba maza da mata, ya rufe su da zane, da hantsi ya yaye ya haɗa su. Kafin Hansatu ta gama hararar sa, ƙwai ya zuba kamar gero.

'Ya'yan suka ƙyanƙyashe, amma bakinsu bai kai tsinin allura ba. Duk gwaiduwar ƙwan kazar da aka dama musu da rini, sai su shinshina su wuce. Autan Makau, Cindo mai shayi, ya karɓi kofin gwaiduwar daga hannun Hansatu.

"Yaya, wannan damun ko akuya ba ta sha."

Ya kaɗa gwaiduwar, ya ɗaga ta sama yana sheƙawa daga kofi zuwa kofi, har ta yi laushin hayaƙi. Kifayen suka sha suka yi nak.

Aka kira Makau ya sa ido a madubi. Ga kitse nan yana walƙiya, ya bar hanji ya bi jijiya yana tafiyar ƙasaita. Tsoho ya ja da baya.

"La ilaha! Hansatu, irin wannan baƙon nake saukewa kullum?"

Daga ranar ya kama shan magani, ya koma zogale da tattaki. Bayan shekara ya hau keke ya zaga kasuwa, mahauta suna ihu, makaɗa suna bin sa a guje.

Sai dai babbar rigarsa ta sarauta ta yi masa yawa, rigar da aka taɓa kafa rumfa da ita a bikin suna. Ya ce zai ba wanda ya ceci ransa, kuma ba za a sa mata almakashi ba. Hansatu ta ce ba don iliminta ba, da ba a fara ba. Tanimu ya ce ba ƙwai, ba kallo. Cindo ya ce kifi mai yunwa ba ya walƙiya.

To jama'a, tsakanin mai madubi, da mai zane, da mai kofi, wa za a yafa wa rigar?