Motar da Baba Ya Daina Shiga

Akwai wani ma'aikacin kamfanin buga takardu da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Saura-Kaɗan. Sunan ya kama shi ne don bai taɓa gama abu ya ce ya yi ba. In ya jera kujerun falo yau, jibi sai ya sake musu wuri. In tela ya ɗinka masa riga, sai ta koma sau biyu. Ko shayi matarsa ta haɗa masa, zai kurɓa ya ce, "Ya yi daɗi, amma saura kaɗan."

Bayan shekara bakwai yana bin bas, Allah ya hore masa 'yar mota ta hannu, mai lafiya. Da ita yake zuwa aiki kullum. Litinin, Laraba da Juma'a kuma yakan biya da mahaifinsa asibiti da safe, a yi masa gashin baya, kafin ya wuce ofis.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Shekara talatin da biyu ya yi a kan hanya, har bayansa ya gaza aka yi masa aiki. Tun da aka sallamo shi yake zaune a gidan ɗan nasa, a ɗakin da ke kusa da ƙofa, da sandarsa da 'yar rediyonsa. Ba mai yawan magana ba ne. Ranar da aka kawo motar, ya zagaya ta a hankali, ya dafa bonet, ya ce, "Allah ya tsare." Daga baya surukarsa ta ji shi a waya yana gaya wa tsoffin abokan aikinsa, ɗaya bayan ɗaya, cewa yaron nan ya yi mota.

Wata biyu motar tana tafiya lafiya lau. Sai Saura-Kaɗan ya faɗa kallon bidiyon motoci a waya, irin waɗanda ake saukewa har cikinsu ya kusa taɓa ƙasa. Daga ranar ya daina ganin kyan tasa. In ya fito ofis ya hango ta, sai ya ga kamar ta tsaya a kan dogayen ƙafafu.

A nan ya ji labarin wani irin shokazoba, abin da ke shanye jijjigar mota, mai haɗe da sifirin, wanda mutum zai iya saitawa da kansa. Akwai zobe a jikinsa, in ka murɗa sai mota ta sauka ko ta ɗaga. A samansa kuma akwai ɗan maɓalli mai ƙas-ƙas, na ƙara tauri ko taushi. Mutumin da ba ya barin kujerun falo su huta, ka ba shi abu irin wannan, ai ka gama da shi.

Ya kwana uku yana karance-karance, sannan ya nufi garejin wani dattijon bakanike.

Bakaniken ya goge hannu da tsumma, ya ɗauko kwali biyu ya ajiye a kan benci.

"Wannan na titin gari ne, sifirinsa da taushi. Wannan kuwa na masu tsere ne, a fili mai santsi. Kafin ka zaɓa, ɗana, wace hanya kake bi kullum? Kuma wa ke shiga motar?"

"Ni nake tuƙa ta," in ji Saura-Kaɗan.

"Na san kai ke tuƙi. Wa ke zama a baya?"

"Maigida, ni fa ba hira na zo ba. Na karanta komai a kan abin nan. Na tseren za ka sa min, ka sauke ta sosai."

Dattijon ya dube shi, ya dubi motar. "To. Amma duk sanda ka taɓa tsayinta, ka kawo a daidaita ƙafafun, in ba haka ba za ta ci taya."

Saura-Kaɗan ya riga ya koma kan wayarsa.

Motar ta fito ta yi kyau, wannan ba ƙarya. A kwana ba ta rangaji ko kaɗan. Samari biyu a ofis suka ɗauke ta hoto. Sai dai tun a hanyar gida ya ji wani abu na cizonsa: gaban ya fi bayan sauka, ko kuwa idonsa ne?

Daga nan hutu ya ƙare. Asabar da safe yana ƙarƙashin mota da jak da sufana da tef na awo. Ya sauke baya, gaba ya yi masa sama. Ya ƙara tauri, sitiyari ya fara rawa a hannunsa, ya rage biyu, ya ƙara uku. A ofis yana duba aikin bugu, hankalinsa na wajen ajiye motoci. Lokacin cin abincin rana sai ya fita ya tsuguna yana leƙen tazarar taya. Garejin kuwa bai koma ba, don kada a ce masa an gaya masa.

Unguwarsu akwai tudun rage gudu guda huɗu kafin a hau babban titi. Yanzu sai ya karkace motar ya hau su a gicciye, na baya suna ta danna masa ham. Duk da haka salansa, bututun hayaƙin da ke ƙasan motar, sai ta gurza.

Wata ranar Lahadi matarsa ta dawo daga kasuwa da shi, ta buɗe kwandon ƙwai ta nuna masa.

"Baban yara, dubi. Biyar sun fashe. Motar nan ta koma amalanke. Ƙaramin rami ma sai na ji shi har cikin haƙorina."

"Ke ba ki san mota ba. Haka ake jin titi."

"Ni na ji titi, na gode. Baba fa?"

"Baba ya yi ƙorafi ne?"

Baba bai yi ba. Yana shiga baya ya ɗaura bel, ya riƙe hannun da ke saman ƙofa, ya yi shiru har asibiti. In ɗan ya ce, "Baba, ka ji yadda ta kama ƙasa?" sai ya ce, "Na ji."

Bayan mako uku, Baba ya ce masa da safe, "Yau ka wuce abinka. A asibiti sun mayar da ni ƙarfe goma sha ɗaya. Akwai wanda zai riƙa biyowa ya ɗauke ni."

Saura-Kaɗan bai tambayi ko wane ne ba. Gaskiya ma daɗi ya ji, don nauyin mutum a baya yana sa taya ta riƙa gogar jikin motar.

Haka aka yi kusan wata guda.

Wata Laraba shugabansa ya aike shi kai samfurin aiki wani kamfani, hanyar ta biyo da shi ta bakin unguwarsu wajen ƙarfe goma. Yana tsaye a danja yana kaɗa yatsu a kan sitiyari, sai idonsa ya faɗa kan tashar bas.

Ga Baba can, ya jingina da ƙarfen rumfar, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya a ƙugu. Bas ta tsaya, mutane suka yi caa. Baba ya ɗaga ƙafa zai taka matakala, ƙafar ta ƙi. Ya sake gwadawa. Kwandasta ya buga jikin bas, ta tafi ta bar shi.

Saura-Kaɗan bai san sanda ya haura gefen titi ba. Cikin motar ya daki dakali, ƙara ta tashi, bai ko waiwaya ba.

"Baba! Me kake yi a nan? Ina mai ɗaukar taka?"

Tsohon ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama. "Yau bai samu zuwa ba."

"Baba, don Allah."

Baba ya ce, "Babu kowa. Bas biyu nake hawa. In na samu shiga, na je. In ban samu ba, na koma gida."

"To me ya sa? Ga mota!"

Baba ya dubi motar da ke karkace a kan dakali, ya kau da kai. "Ka tafi aikinka, kada a yi maka faɗa."

Da ƙyar ya yarda ya shiga. A asibiti ma'aikaciyar da ke yi masa gashi ta ja ɗan gefe, fuskarta ba walwala.

"Kai ne ɗansa? Cikin zuwa goma sha biyu, biyar kawai ya zo. Kafin nan ma, kullum ya iso bayansa a ɗaure yake kamar katako, sai mun yi rabin lokacin muna sassauta shi. Ƙafarsa ta hagu da ta fara ƙarfi ta koma baya. In aka ci gaba a haka, sandar nan ba zai ajiye ta ba."

Ya kai Baba gida, ya kai aiken, ya koma ofis, amma bai iya zama ba. Ya tashi, ya zauna, ya buɗe fayil, ya rufe. Da yamma ya tarar da matarsa a kicin, ya fara faɗa tun daga ƙofa.

"Kina gidan nan Baba yana bin bas, ba ki gaya min ba?"

Ta ajiye wuƙar da ke hannunta. "Ina wurin aiki sanda yake fita, yau nake ji a bakinka. Amma zancen motar na gaya maka, ka ce ban san mota ba." Ta miƙa hannu. "Ba ni makulli."

"Me za ki yi?"

"Ba ni. Ka shiga baya, inda Baba ke zama."

Ta ja motar a hankali, yadda shi yake ja, ta bi hanyar asibiti. A tudun farko kansa ya taɓa rufi. A wajen da aka yi wa kwalta faci, ya ji kamar ana buga masa guduma a ƙashin baya. A gaba yana da sitiyari da zai riƙe, kuma yana ganin rami kafin ya iso. A baya babu ko ɗaya, sai dai duka ya same ka. Bai ankara ba ya ga hannunsa ya kama hannun saman ƙofa, daidai inda fatar ta goge saboda riƙon Baba.

Shi da bayansa lafiya lau, kafin su kai rabin hanya ya ce, "Tsaya. Ya isa."

Ta tsaya. Ya daɗe a zaune yana kallon ƙafafunsa.

Da suka koma, ya shiga ɗakin Baba ya durƙusa a gaban gado.

"Baba, ka yafe min. Amma me ya hana ka faɗa? Kai da ka fi ni sanin mota nesa ba kusa ba."

Baba ya rage muryar rediyo. "Tun ranar farko na san sifirin ɗin ya yi mata tauri. Tayoyinka na gaba ma sun cinye ta ciki, je ka shafa ka ji. Amma ina gidanka, ina cin abincinka, kana kai ni asibiti. Abu ɗaya ka saya don jin daɗin kanka. Sai in buɗe baki in ɓata maka shi?" Ya ɗan yi murmushi. "Kuma ba ka tambaye ni ba."

Ranar Asabar su biyu suka je gareji. Dattijon bakanike ya ga tayoyin, ya ga salansar da ta lotse, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga tsoho na fitowa daga baya da sanda. Ya rufe bakinsa, ya jawo masa kujera.

"Maigida," in ji Saura-Kaɗan, "ga mai zama a baya. Abin da ya ce shi za a yi."

Tsofaffin biyu suka haɗa kai kamar sun shekara da sanin juna. Aka cire sifirin masu tauri aka sa masu taushi. Aka ɗaga motar ta koma kusan tsayinta na asali, aka daidaita ƙafafu, aka sake tayoyin gaba. Sannan Baba ya shiga baya, aka zagaya layin.

"Rage uku a baya," ya ce. Aka rage, aka sake zagayawa.

"Mayar da ɗaya." Aka mayar.

A zagaye na uku ya ce, "Nan ne. Kada wanda ya sake taɓawa." Ya faɗi haka yana kallon ɗansa ta madubi, bakaniken ya fashe da dariya.

Ƙafar Baba sai da ta ci ƙarin wata uku na gashi kafin ta dawo inda take. Wannan kam, ɗan bai iya gyara shi da sufana ba, sai dai ya riƙa kai shi yana jira.

Amma ranar Litinin ta farko bayan gyaran, sun iso asibiti da saura minti ashirin. Ya kashe mota, ya juyo zai ce sun iso, sai ya ga Baba ya yi barci. Kansa na jingine da kujera, hannayensa biyu a kan cinya, baki a ɗan buɗe. Wayar ɗan ta fara ruri, daga ofis ne. Ya danne ta, ya sauke gilashi kaɗan don iska ta shigo, ya zauna bai motsa ba har tsohon ya farka da kansa.

Darasi: Kafin ka gyara abu don ya burge masu kallo, tambayi wanda zai ɗauki wahalarsa. Shirun iyaye da na masu kunyarmu ba yarda ba ne, sau da yawa haƙuri ne suke yi don kada su ɓata mana rai. Ka saurari mai sana'a in ya yi maka tambaya, ka saurari iyalinka in sun yi ƙorafi, kuma ka riƙa tambayar wanda bai ce komai ba. In labarin nan ya tuna maka da wani, kira shi yau ka ji lafiyarsa, sannan ka tura wa 'yan uwa da abokai su ma su karanta.